ROE ɗin kamfanin ya tashi daga 14% zuwa 22%, in ƙara saye ne?

Ɗan_Koyo92: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu ilimin duba asusun kamfanoni. Akwai wani kamfani da nake riƙe da ɗan hannun jarinsa tun 2018, ba zan faɗi sunansa ba kada a ce talla nake. Jiya na zauna na raba ribarsa ta shekara da jarin masu kamfani, wato abin nan da ake kira ROE. A 2018 ya ba ni 14%, a 2023 kuma 22%. A tawa fahimtar, duk ɗari ɗin da masu kamfani suka bari a ciki, da tana haifar 14, yanzu tana haifar 22. To ai kamfani ya ƙara lafiya ke nan ko? Ina da ɗan abin da na tara, ina son in ƙara saye. Sai dai abu ɗaya ya tsaya min a rai: cinikinsu bai wani motsa ba a shekarun nan. Ta ina ƙarin ya fito?

SaurinKuɗi: Wa alaikumus salam. Malam, 22% kana tsayawa tambaya? Saya kawai kafin wasu su farga.

BabaAkanta: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka biye wa SaurinKuɗi tukuna. Tambayar da ka yi a ƙarshe ita ce ta masu hankali, ruwa ba ya tsami banza. ROE rabawa ce, akwai na sama akwai na ƙasa. Yana iya tashi don riba ta ƙaru, yana kuma iya tashi don uwar kuɗin ta ragu. Kawo mana abu huɗu na shekarun biyu: jimillar ciniki, riba bayan haraji, jimillar kadarori, da jarin masu kamfani. Ka cire sifirori in ka so, ba sai mun gane kamfanin ba.

Ɗan_Koyo92: To Baba, ga su, a miliyoyi, na ɗan daidaita su don sauƙin lissafi. A 2018: ciniki 600, riba 42, kadarori 600, jari 300. A 2023: ciniki 660, riba 44, kadarori 700, jari 200.

BabaAkanta: Madalla. Ai ka ga amsar da idonka tun kafin mu yi nisa. Riba daga 42 ta koma 44, wannan ko tari bai kai ba. Jari kuwa daga 300 ya sauko 200.

Bari in nuna maka yadda muke fasa shi gida uku. Na farko, a kowace ɗari ta ciniki nawa ke zama riba? Ka raba riba da ciniki. Na biyu, sau nawa kamfani ke juya kadarorinsa a shekara? Ka raba ciniki da kadarori. Na uku, kadarorin sun ninka jarin masu kamfani sau nawa? Ka raba kadarori da jari. In ka ninka ukun da juna, ciniki ya kashe ciniki, kadara ta kashe kadara, abin da zai rage shi ne riba a kan jari, wato ROE ɗinka.

A 2018, kaurin riba 7%, juyi sau 1, ninki sau 2. Bakwai sau ɗaya sau biyu, 14. A 2023, kaurin riba 6.7%, juyi 0.94, ninki 3.5, ka samu 22. Ka lura da kyau: biyun farko, waɗanda su ne ainihin sana'ar kamfani, duk sun ɗan ja baya. Na ukun ne kaɗai ya yi tsalle. Abin da ake bin kamfanin, wato kadarori in ka cire jari, ya tashi daga 300 zuwa 500. Ba ƙwarewa ce ta ƙaru ba, kayan aro ne suka ƙaru.

Zee_Lissafi: Baba, wannan ne ake ce wa tsarin DuPont ko? Mun yi shi a aji amma wallahi sai yau na ga amfaninsa. Malaminmu haddar kawai ya ba mu.

BabaAkanta: Shi ne, 'yata. Wani ma'aikacin kamfanin DuPont na Amurka, Donaldson Brown, shi ya fito da shi a shekarun 1910. Injiniya ne da ya fara da tallan nakiyar fasa duwatsu kafin a mai da shi ɓangaren kuɗi. A 1921 ya koma General Motors, ya tafi da tsarin can.

UmmuSafiyya: Ƙaramin gyara, Baba, da girmamawa. Na Brown gida biyu ne kawai, kaurin riba da juyin kadara, domin shi abin da ya dame shi shi ne ribar duk dukiyar da aka zuba a sana'a. Gida na ukun, na bashi, daga baya aka liƙa shi da hankalin mutane ya koma kan masu hannun jari. Na ambata ne don yana da nasaba da tambayar: wanda ya ƙirƙiro abin ma bai ɗauki cin bashi a matsayin ƙwazon manaja ba.

BabaAkanta: Gaskiyarki, Hajiya. Tsufa ya fara taɓa ƙwaƙwalwa.

SaurinKuɗi: Ni fa ban ga laifin bashi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ku duba Apple. ROE ɗinsu ya haura 100% shekara da shekaru, akwai wanda ya ce kamfanin banza ne?

UmmuSafiyya: Ka kawo misali mai kyau, bari mu fasa shi yadda Baba ya yi. A shekarar kuɗi ta 2017 Apple ya yi cinikin dala biliyan 229, riba biliyan 48.4, kadarori biliyan 375, jari biliyan 134. ROE wajen 36%. A 2022 ciniki biliyan 394, riba biliyan 99.8, kadarori biliyan 353, jari biliyan 50.7. In ka raba da jarin ƙarshen shekara, ROE ya kusa 197%.

Yanzu dubi gidajen. Kaurin riba daga 21% zuwa 25%. Juyin kadara daga 0.61 zuwa 1.12. Ninki daga 2.8 zuwa kusan 7. Duka ukun suka tashi tare. Riba kanta ta ninka. Eh, jarin ya ragu saboda suna ta sake sayen hannun jarinsu daga kasuwa, a 2022 kaɗai sun kashe kusan biliyan 90 a kan haka, amma da kuɗin da sana'a ta haifar suke yawancin sayen. Kamfanin Ɗan_Koyo kuwa riba na tsaye cik. Sunan abin ɗaya ne, amma ba tafiyarsu ɗaya ba.

Kuma ko a Apple ɗin, 197% ba ya nufin in ka ba su sabuwar ɗari za su mayar maka da 197. Lambar ta daina auna komai da zarar na ƙasan ya ƙanƙance.

Mai_Shakka: Ni shi ya sa na daina kallon ROE gaba ɗaya. McDonald's jarinsa a takarda ya koma ƙasa da sifiri tun 2016, Starbucks tun 2019. To nawa ne ROE ɗinsu? Riba mai kyau a kan jari mara kyau, sai lissafi ya ba ka lamba mai alamar ragi, kamar suna asara. Boeing kuma ya yi asara a kan jarin da shi ma ya faɗa ƙasa da sifiri, ragi a kan ragi, kwamfuta ta fitar maka da lamba mai kyau. Awon da zai nuna mai lafiya a matsayin majinyaci, majinyaci a matsayin mai lafiya, me za a yi da shi?

TsohonMaBanki: Mai_Shakka, ba a jefar da ma'auni don akwai kayan da bai dace da su ba. A irin waɗannan kamfanonin sai ka koma ribar duk kuɗin da ke aiki a sana'a, na masu kamfani da na aro a haɗe. Amma a banki, misali, ba ka da abin da ya fi ROE.

Zan yi magana kan bashi tunda a nan na ƙare rayuwar aikina. Bashi ba ya ƙirƙirar riba, ninka abin da ya tarar yake yi. In kadararka na haifar 10 a ɗari, kana biyan mai bashi 6, ratar 4 ɗin nan taka ce, kuma iya yawan bashin iya yawan ratar da kake kwasa. Ran da kadarar ta koma haifar 4, kuɗin ruwa na nan a 6, ratar ta juye, kuma da ninkin da ta ɗaga ka da shi za ta maka ka da ƙasa. Bankin Lehman Brothers na Amurka a 2007 sun ci ribar dala biliyan 4.2, ROE ɗinsu wajen 20%, kowa na tafi. Kadarorinsu sun kusa biliyan 700 a kan jarin da bai wuce biliyan 22.5 ba, ninki sama da 30. Ma'ana ribar kadarar ko kashi ɗaya ba ta kai ba, kuma darajar kadarorin ta faɗi da kashi uku da ɗoriya kawai, jari ya ƙare ƙaf. Ranar 15 ga Satumba 2008 suka durƙushe. Bayan rikicin ne aka zo da ƙa'idojin Basel III, aka tilasta wa bankuna riƙe jari mai kauri, ROE ɗin manyan bankuna da yawa ya sauko. Wanda bai san labarin ba zai ce bankunan sun lalace, alhali igiya aka ɗaura musu.

Ninki 3.5 na kamfanin yaron nan ba 30 ba ne, kada a ce na tsorata shi. Amma alƙiblar ce abin dubawa.

Gogarma_77: Yallaɓai TsohonMaBanki, ai ku ne kuke ba da bashin, yanzu kuma kun dawo kuna wa'azi a kansa.

TsohonMaBanki: Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo, Gogarma.

UmmuSafiyya: Kafin mu yanke wa kamfanin hukunci, akwai abin da na hango a shekarun da aka zaɓa. Ɗan_Koyo, da wace ƙa'ida suke rubuta asusunsu, ta ƙasa da ƙasa? In ita ce, to daga 1 ga Janairun 2019 ƙa'idar IFRS 16 ta fara aiki. Kafin nan, in kamfani na hayar shaguna ko sito ko motoci, kuɗin hayar kawai yake rubutawa cikin kashe-kashen shekara. Daga 2019 dole ya rubuta haƙƙin amfani da wurin a matsayin kadara, ya rubuta hayar da ta rage a matsayin bashi. Ba abin da ya sauya a zahiri, amma kadarori da basussuka duk suka kumbura dare ɗaya. Kai kuma ka ɗauki shekara ɗaya kafin sauyin, ɗaya bayansa. Je ka duba bayanan ƙarshen rahoton, ka fasa mana ƙarin 200 ɗin nan na abin da ake bin su.

Ɗan_Koyo92: Anti, Allah ya saka. Na sha wahala kafin na gano wurin, shafi na can baya ne. Cikin ƙarin 200 ɗin, 80 na haya ne kamar yadda kika ce, 20 kuɗin masu kawo musu kaya ne da ba a riga an biya ba, 100 kuma sabon rance ne na gaske.

UmmuSafiyya: To ka gani. In ka cire 80 ɗin don a gwada daidai da daidai, kadarorin 2023 sun zama 620. Juyi ya koma 1.06 maimakon 0.94, wato ya ɗan fi na 2018, ba ja baya ya yi ba. Ninki kuma 3.1 maimakon 3.5. Baba, a gida na biyu an zalunci kamfanin.

BabaAkanta: Na karɓa. A zamaninmu haya ba ta hawa wannan takardar, ido ya saba. Amma daga 2 zuwa 3.1 ma tafiya ce, kuma har yanzu ita ce ta ɗauko kusan duk ƙarin.

AbuHafsat: Salam. Ku yi min afuwa zan ɗan karkata. Ni abin da ya fi damuna da irin wannan shi ne halacci. Kamfanin da ke ta ƙara rance mai ruwa, ya halatta a ci gaba da riƙe hannun jarinsa?

TsohonMaBanki: Fatawa ta malamai ce, Malam Abu, ba tawa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne masu tantance hannun jari bisa shari'a suna da iyaka. A ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, rance mai ruwa kada ya wuce 30% na darajar kamfani a kasuwa. Ka lura, darajar kasuwa, ba jarin da ke takarda ba, don haka ninkin da muke lissafawa a nan ba zai ba ka amsa kai tsaye ba. Kuma kuɗin masu kawo kaya ba ya cikin rance mai ruwa. Sai dai kamfanin da ROE ɗinsa ke tashi ta hanyar rance yana matsowa kusa da iyakar, ya kamata mai kula da wannan ya riƙa dubawa duk shekara.

AbuHafsat: Na gode, Allah ya ƙara sani.

Mai_Shakka: Mu dawo kan jarin. Har yanzu ba wanda ya tambayi ina 100 ɗin ta tafi. Kamfani na cin ribar arba'in da wani abu duk shekara, kamata ya yi jarinsa ya ƙaru, ba ya ragu ba. Ɗan_Koyo, ka ba mu shekarun tsakiya. Me ya sa ka yi tsalle daga 2018 zuwa 2023?

Ɗan_Koyo92: Gaskiya na tsallake ne saboda 2020 shekarar korona ce, na ga kamar ba adalci a sa ta. Ga ribar: 2019, 45. 2020, asarar 30. 2021, 40. 2022, 43. 2023, 44. Jari a ƙarshen kowace shekara: 323, 273, 241, 210, 200. A 2020 ɗin sun rubuta cewa wani ƙaramin kamfani da suka saya a baya darajarsa ta zube, suka share 60 daga littafi, shi ya jawo asarar. Rabon riba na shekara biyar 112, sun kuma sake sayen hannun jarinsu na 130.

Mai_Shakka: Yawwa, ga inda gizo ke saƙar. Korona ba ita ta sayi kamfanin nan da tsada ba, manajoji ne. Sun ɗauki 60 na kuɗinku sun ƙona, sannan aka share ta daga jari, daga nan duk shekarar da ta biyo baya ROE na fitowa fes saboda na ƙasan ya ragu. Kuskurensu ne yake musu kwalliya. Mayar da 60 ɗin: 44 a kan 260, ka samu 17%, ba 22 ba. Haka aka gani a Kraft Heinz da suka sanar da share dala biliyan 15.4 a Fabrairun 2019. Duk wanda ya fara lissafinsa daga bayan sharewar, jarin da zai raba da shi ya riga ya rame, ba don an gyara komai ba.

Sannan tara ribar shekara biyar ɗin, 142. Raba biyar, 28.4. Matsakaicin jari wajen 249. ROE na tsawon lokacin 11% da ɗan kai. Ƙasa da 14 ɗin da ka fara da shi.

Ɗan_Koyo92: Innalillahi. Wato ni da nake murnar 22, ashe 11 na ci?

SaurinKuɗi: Kai Mai_Shakka, wannan ai son zuciya ne. Asarar sau ɗaya aka yi, an wuce wurin. Wanda zai saya yau gaba zai ci, ba baya ba. Kuma sayen hannun jarin da suka yi ai alheri ne ga wanda ya riƙe nasa. Ɗan_Koyo, adadin hannayen jarin ya ragu da nawa?

Ɗan_Koyo92: Da wajen 15%.

SaurinKuɗi: To shi ke nan. Riba ta ƙaru kaɗan, masu rabawa sun ragu, ribar kowane hannun jari ta tashi da kusan 23%. Wannan kuɗi ne na gaske, ba kwalliya ba.

UmmuSafiyya: A nan SaurinKuɗi yana da magana, a ba shi haƙƙinsa. Kamfanin da ba shi da inda zai zuba kuɗi ya samu riba mai kyau, gara ya mayar wa masu shi da ya je ya sake sayen wani kamfanin da za a share bayan shekara uku. Tambayar ita ce a wane farashi suka saya, kuma da kuɗin wa. Sun raba 242 alhali ribar 142 suka rubuta. Ko ka ce 60 ɗin sharewa ba kuɗi ne suka fita a shekarar ba, ka mayar, 202 ke nan, har yanzu sun raba fiye da abin da suka samu, ga kuma sabon rancen 100 a gefe. Wannan hanyar tana da ƙarshe. Ba za ka iya rage jari daga 300 zuwa 200 duk shekara biyar ba har abada.

Amma batun "sau ɗaya" ɗin nan, ɗan'uwa, a yi hattara. Na taɓa bin wani kamfani da ya rubuta kashe kuɗin gyaran tsari "na musamman" shekara huɗu a jere. A ta huɗun na daina cire musu.

Zee_Lissafi: Anti, a littafinmu akwai mai gida biyar. Yaushe ake amfani da shi? Ko ƙarin wahala ne kawai?

UmmuSafiyya: Yanzu ma lokacinsa ne. Gida na farko ake sake fasawa uku: ribar aiki kafin kuɗin ruwa da haraji, abin da kuɗin ruwa ya bari, abin da haraji ya bari. Ɗan_Koyo, kawo su.

Ɗan_Koyo92: 2018: ribar aiki 66, kuɗin ruwa 10, kafin haraji 56, haraji 14, saura 42. 2023: ribar aiki 78, kuɗin ruwa 22, kafin haraji 56, haraji 12, saura 44.

UmmuSafiyya: Kun ga abin mamaki? Kafin haraji 56 ne a duka biyun. Sana'ar kanta ta ɗan inganta, daga 11% na ciniki zuwa kusan 12%, ko da yake kaɗan daga cikin wannan aikin IFRS 16 ne, don wani yanki na haya ya sauka daga kashe-kashen aiki ya koma layin kuɗin ruwa. Amma duk ƙarin 12 ɗin masu bashi suka cinye. Biyun da riba ta ƙaru da su daga haraji suka zo, ya sauka daga 25% zuwa wajen 21%. Zee, da gida uku kawai da ba mu ga wannan ba, da mun ce kaurin riba ya ragu mu wuce.

Haraji yakan ruɗi mutane sosai. Da Amurka ta sauke harajin kamfanoni daga 35% zuwa 21% daga 2018, kamfanin da ke biyan cikakken harajin, ɗarinsa da ke barin 65 ta koma barin 79. Ƙarin sama da kashi 20 a riba ke nan ba tare da an sayar da ko allura ɗaya ƙari ba.

TsohonMaBanki: Ni layin da na kalla daban ne. Da ribar aiki ta ninka kuɗin ruwa sau 6.6, yanzu sau 3.5. Bai kai a firgita ba, amma ka duba yaushe wa'adin rancen zai cika, kuma ruwansa a tsaye yake ko mai motsi. Duk wanda ya ci bashi lokacin da ruwa ke ƙasa, kafin manyan bankunan ƙasashe su fara ɗaga shi a 2022, ranar sabuntawa zai ji a jikinsa. A Amurka daga kusan sifiri a farkon 2022 ya kai sama da 5% a tsakiyar 2023.

Gogarma_77: Ni tambayata mai sauƙi ce. Duk wannan dogon lissafin, nawa ne ROE mai kyau? A ba mu lamba mu huta.

BabaAkanta: Babu lamba ɗaya, Gogarma, kowace sana'a da inda take cin abincinta. Walmart a shekarar da ta ƙare Janairun 2024 ya yi cinikin dala biliyan 648, ribarsa biliyan 15.5, ko kashi biyu da rabi bai cika ba. Amma yana juya kadarorinsa sau biyu da rabi, ninki wajen 3, sai ga ROE 18% da ɗan kai. Microsoft a 2023 kaurin ribarsa 34%, juyinsa rabi kawai, ninki 2, ROE wajen 35%. In kaurin ribar Walmart ya ragu da maki ɗaya, kusan rabin ribarsa ta tafi. In na Microsoft ya ragu da maki ɗaya, da ƙyar a lura. Shi ya sa ake gwada kamfani da tarihinsa da kuma abokan sana'arsa. Abin da kawai zan ce, dole ya wuce abin da za ka samu a wurin da ba kasada, da rata mai kyau, in ba haka ba kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Mai_Shakka: A ƙara da masu sana'ar hawa da sauka. Maersk, masu jiragen dakon kaya, sun ci ribar dala biliyan 29 a 2022 da kuɗin dako ya haukace, a 2023 ta dawo ƙasa da biliyan 4. Wanda ya kalli ROE na 2022 kaɗai ya ɗauka haka za a dawwama, ya sha mamaki. Irin waɗannan shekara biyar ma ta yi kaɗan, sai goma.

Zee_Lissafi: Wani abu kuma, ni an koya mana a raba da matsakaicin jarin farkon shekara da na ƙarshe, ba na ƙarshe kaɗai ba. A 2023 zai zama 44 a kan 205, wato 21.5%.

BabaAkanta: Daidai ne 'yata, haka ya fi, musamman ga kamfanin da jarinsa ke motsi da yawa cikin shekara. A nan bambancin rabin maki ne. Abin da ya fi muhimmanci, hanyar da ka ɗauka a shekarar farko ita za ka bi har ƙarshe.

HajiyaMaiHaƙuri: Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba. Ni shekarata goma sha ina wannan harka, kuma abin da ya taɓa cin kuɗina ba bashi ba ne, juyi ne. Kamfanin da na riƙe ribarsa a takarda tana ta hawa, ROE na kyau, ashe kaya suke tura wa dillalai bashi su rubuta ciniki. Kuɗin da suke bin mutane na ninkuwa, tsabar da ke shigowa ba ta motsi. Sai da aka zo sharewa na farka. Tun daga nan duk ROE da na gani sai na ajiye ribar a gefen tsabar kuɗin da aiki ya shigo da su na shekara biyar, in ga ko suna tafiya tare. Ɗan_Koyo, ƙanena, duba wannan ma kafin ka taɓa ajiyarka.

SaurinKuɗi: Ku dai kuna ta lissafi farashi na tafiya.

UmmuSafiyya: Farashin ma ba mu taɓa shi ba ai. Ɗan_Koyo ba a kan 200 zai saya ba, a farashin kasuwa zai saya. In kasuwa ta yi wa kamfanin kuɗi ninki uku na jarin takarda, 600 ke nan, ribar 44 a kan 600 kashi 7 ne da ɗan kai. 22 ɗin na littafi ne, ba na aljihun mai saye yau ba.

Ɗan_Koyo92: Kaina ya ɗau zafi, amma na gode ƙwarai. In na fahimta, sana'ar ta ɗan gyaru, ba ta lalace ba, amma tashin daga 14 zuwa 22 rance ne da sharewa da sayen hannun jari. Wanda nake da shi ba zan sayar ba. Ƙarin ne ban sani ba. Hajiya, a wace takarda zan ga tsabar kuɗin da kika ce?

HajiyaMaiHaƙuri: Ta uku, bayan ta riba da ta kadarori, wadda ke nuna shige da ficen kuɗi. Sashen farko na ayyukan yau da kullum. Ka cire abin da suka kashe a injuna da gine-gine, yana sashe na biyu, da biyan haya da ke sashe na uku tun da aka sauya ƙa'idar nan da Ummu ta faɗa.

Mai_Shakka: In ka samo ka kawo na shekara biyar ɗin duka. Har da 2020 wannan karon.

Ɗan_Koyo92: Na ji, Yaya. Rahoton 2021 ne ya ƙi buɗuwa a wayata, sai na hau kwamfuta da daddare.